Murar Tsuntsaye: Daga Akurki Zuwa Tukunya

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu ka tarar babu kaza ko zabuwa tana kiwo a tsakar gida. Kaza ita ce asusun talaka. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, ita ake kamawa a kai kasuwa. In an koro ɗalibi saboda kuɗin makaranta, ita ce. In baƙo ya sauka, ko Kirsimeti ya zo, ko ranar godiyar kaka ta yi a ikkilisiya, ita ce dai. A birane kuwa, ƙwai shi ne naman marar ƙarfi, domin wanda bai iya sayen kilon nama ba yana iya sayen ƙwai biyu ya dafa wa yaransa.

Saboda haka cutar da ta taɓa kaza ba a akurki take tsayawa ba, sai ta kai ga tukunya. Murar tsuntsaye ta nuna wannan a fili a ƙasashe masu arziki da matalauta duka. A Amurka, a watan Janairu na 2022, matsakaicin kuɗin ƙwai dozin ɗaya, wato ƙwai 12, bai kai dala 2 ba. A watan Maris na 2025 kuwa ya kai dala 6 da santi 23, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar kafin wannan lokaci. Ya kamata mu san yadda ciwon kaza yake zama tsadar cefane, domin a cikin jerin hannuwan da cutar take bi akwai namu, kuma a nan ne gaskiyar mai bi take da aiki.

Mece ce wannan cuta?

Murar tsuntsaye ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, daga dangin ƙwayoyin da ke kawo mura ga mutum. Tana da iri da yawa. Waɗansu ba su da zafi, tsuntsu yakan ɗauke su bai ko nuna alama ba. Amma akwai masu tsanani, kuma wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne wanda likitoci suke kira H5N1. An fara gano shi a jikin dinya a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ya ɓulla a Hon Kon, ya kama mutum 18, shida suka rasu, hukuma kuwa ta sa aka karkashe dukan kajin da ke yankin, sama da miliyan ɗaya.

Gidan asalin ƙwayar shi ne tsuntsayen ruwa na daji, musamman agwagi da dinya. Waɗannan tsuntsaye ba su san iyakar ƙasa ba. Idan sanyi ya tsananta a Turai da Asiya, da yawansu sukan yi ƙaura zuwa wurare masu ɗumi, har da fadamun Haɗeja da Nguru da kewayen Tafkin Chadi. Ƙwayar tana fita ta kashinsu da majinarsu, ta shiga ruwa, daga nan ta sami agwagwar gida, daga agwagwa ta sami kaza. Amma da zarar ta shiga gona ɗaya, yawanci ba tsuntsun daji ne yake yaɗa ta ba kuma. Mu ne. Tana bin takalmin ma'aikaci, da tayar mota, da kejin dillali, da tsohon kiret ɗin ƙwai da ake yawo da shi daga gona zuwa gona, da buhun kashin kaji da ake saye don takin lambu.

Alamunta ba boyayyu ba ne. Kaji sukan mutu farat ɗaya, da yawa, cikin kwana ɗaya ko biyu. Kai yakan kumbura, zanko ya yi duhu kamar shuni, ƙafafu su yi ja-ja, numfashi ya yi wuya, ga zawo, ƙwai kuma ya ragu ko ya fito da ɓawo mai taushi. Wahalar ita ce, waɗannan alamu sun yi kama da na annobar nan da muka saba gani tana share kajin gida da hunturu, wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasul. Ita waccan tana da rigakafi, ana ma yin sa a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ido kaɗai ba ya raba su. Sai an kai gwaji.

Abin da ya faru a nan gida

Ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwa cewa H5N1 ta shigo Nijeriya. Wannan ne karo na fari da aka tabbatar da ita a gonar kaji a nahiyar Afirka. An same ta ne a gonar Sambawa da ke Jaji, a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, inda tsuntsaye kimanin 40,000 suka mutu. Kafin a ankara an ji ta a Kano da Filato da Bauci da Katsina. Kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, daf da iyakarmu. Daga 2006 zuwa 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye sama da miliyan ɗaya suka mutu ko aka karkashe su. A watan Janairu na 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu da cutar a Legas.

To, mai karatu zai yi tsammani nan da nan kuɗin kaza da ƙwai ya hau. Ba haka aka fara ba. Da fari ma faɗuwa ya yi. Tsoro ya kama jama'a, aka guji kaza, aka guji ƙwai, har a garuruwan da cutar ba ta kai ba. Masu gidajen abinci suka cire kaza daga tukunya, mai tsire ya koma naman sa, mai shayi ya ga ƙwansa yana kwana. Masu gona da kajinsu ke lafiya lau suka tara ƙwai babu mai saye, alhali kuwa kaza ba ta san an daina ciniki ba, kullum sai ta ci. Da yawa suka karyar da kajinsu, suka sallami ma'aikata, suka rufe gona. Jama'a kuma da suka koma kan naman sa da kifi, sai kuɗin waɗannan ya motsa sama. Wato ko wanda ya rantse ba zai ƙara cin kaza ba, bai tsira daga tsadar ba.

Gwamnatin Tarayya ta zaɓi hanyar karkashe kajin gonar da ta kamu tare da biyan diyya. Diyyar da aka fara sanarwa ita ce naira 250 a kan kowace kaza, abin da masu kiwo suka ce bai kai kuɗin kazar da ta soma ƙwai ba. Bugu da ƙari, kazar da ma'aikata suka kashe ake biya, ban da wadda ta riga ta mutu. Daga baya aka ƙara kuɗin, bayan da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙar cutar. Amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Mai gona da ya ga kaji sun fara faɗuwa yakan yi lissafi: in ya kai rahoto, a kashe masa duka, diyya kuma ba ta isa ba, ba ta kuma zuwa da wuri. In ya kira dillali da dare, ya sami wani abu a hannu. Da yawa suka zaɓi dillali. Ta haka kasuwannin kaji suka zama tashar da cutar take hawa mota zuwa wani gari.

An sami sauƙi bayan 2008, amma cutar ta komo a watan Janairu na 2015, aka gan ta a Kano da Legas, ta kuma bazu. Ta sāke ɓulla a 2021. Kewayen Jos, inda ake fitar da ƙwai mai yawa zuwa sauran jihohin Arewa, ya sha wannan wahala fiye da sau ɗaya.

Darasin Amurka

A Amurka labarin ya bi wata hanya dabam. A can mutane ba su guji ƙwai ba, ƙwan ne ya yi ƙaranci. Cutar ta shiga gonar talo-talo a Jihar Indiyana a watan Fabrairu na 2022, kafin farkon 2025 kuwa tsuntsayen da suka mutu ko aka karkashe sun haura miliyan 160, mafi yawansu kaji masu ƙwai. Dalili kuwa shi ne, a can gona ɗaya takan tara kaji miliyan ɗaya ko fiye, dokarsu kuma ita ce in an sami cutar a gona, duk kajin wannan gona sai an kashe su.

Kuɗin dozin ya kai dala 4 da santi 82 a Janairun 2023, ya sauka, sa'an nan ya sāke hawa har ya kai ƙololuwa a Maris na 2025. Waɗansu manyan kantuna suka ƙayyade yawan ƙwan da mutum ɗaya zai saya. Gidan abinci na Waffle House ya ɗora ƙarin santi 50 a kan kowane ƙwai a watan Fabrairu na 2025. Ƙasar da ta saba ciyar da kanta ta koma sayo ƙwai daga Turkiyya da Koriya ta Kudu, gwamnati kuma ta ware dala biliyan ɗaya don shawo kan matsalar. Da cutar ta lafa, aka sāke cika gonaki, kuɗin ya sauko a cikin watannin da suka biyo baya. Afirka ta Kudu ma ta ga irin wannan a 2023, sa'ad da aka karkashe miliyoyin kaji har kantuna suka shiga raba ƙwai da ƙayyade.

Me ya sa ƙwai ya fi naman kaza shan wahala? Amsar tana cikin kwanakin girma. Kazar nama ta gidan gona takan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, saboda haka gurbinta yana cika da wuri. Amma ɗan tsakon da zai yi ƙwai sai ya yi mako 18 zuwa 20 kafin ya soma, wato wajen wata biyar. Kafin ma a zuba sababbin 'yan tsaki, sai an wanke gonar, an fesa magani, an bar ta fayau na ɗan lokaci. A misali, gona mai kaji 1,000 tana iya ba da kiret 26 a rana. In aka rufe ta wata shida, kiret sama da 4,500 ke nan ba su shiga kasuwa ba. Sa'an nan ƙwai ba hatsi ba ne, ba a zuba shi a rumbu a jira baɗi. Ba shi kuma da magaji a wurin mai burodi da mai kek da mai shayi. Abin da ba ya ajiyuwa, ba a kuma iya barinsa, ƙaramin gibi ya isa ya ɗaga kuɗinsa ƙwarai.

Ba kowace tsada ce laifin cuta ba

A nan sai mu yi hattara, kada a ɗora wa mura abin da ba ta ci ba. Abinci shi ne yake cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da mai gonar kaji yake kashewa, abincin kuwa masara ne da waken soya. Tsadar ƙwai da muka gani a Nijeriya a 2023 da 2024 ta fi dangantaka da tsadar masara, da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da faɗuwar darajar naira. A farkon 2023 ma, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ƙwai ya yi kwantai a gonaki har ya lalace, ba don cuta ba, sai don masu saye ba su da kuɗi a hannu.

Akwai kuma masu fakewa da annoba. Da zarar an ji labarin cuta a rediyo, wani ɗan kasuwa sai ya ƙara kuɗi a kan kayan da ya saro da araha tun kafin labarin. Ko a Amurka, manyan kamfanonin ƙwai sun sami riba mai yawa a lokacin tsadar, har Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta buɗe bincike a 2025 a kan yadda ake sa farashi. Wannan hali ba sabo ba ne. Annabi Amos, a sura ta 8 ta littafinsa, ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa da suke rage mudu, suna ƙara kuɗi, suna haɗa wa matalauta da ƙaiƙayi. Mai bi da yake da rumfa a kasuwa yana da damar cin riba ta halal. Amma ribar da aka gina a kan firgicin jama'a, ko a kan kazar da aka san tana ciwo, ba abin kawowa baiko ba ne.

Ina hatsarin yake ga mutum?

Tsoron da ya karya masu gona a 2006 ya wuce gona da iri, amma ba a ce babu hatsari ba. Tun daga 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutane sama da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu kuma sun rasu. Kusan dukansu sun kamu ne ta wurin cuɗanya da tsuntsaye marasa lafiya ko matattu, wato wajen kamawa, da yanka, da figa, da gyaran kayan ciki. A gidajenmu kuwa mata da yara ne suke wannan aiki. A Amurka cutar ta shiga har cikin shanun madara a Jihar Tekzas a watan Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma wani mutum ya rasu da ita a Jihar Luwiziyana.

Wuta tana kashe ƙwayar. Naman kaza mai lafiya da ya dahu sosai har babu ja a cikinsa, da ƙwan da ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri, ba abin tsoro ba ne. Saboda haka babu dalilin da zai sa a guji kasuwar ƙwai don an ji cuta a wata jiha. Abin gudu shi ne al'adar nan tamu ta cewa, in kaza ta fara gyangyaɗi a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama asara. Hatsarin ba a cikin miya yake ba, a hannun mai figa yake.

Aikin ikkilisiya

Killace mai cuta ba dabarar Turawa ba ce. A Littafin Firistoci, sura ta 13 da ta 14, an ba firist aikin duba wanda ake shakkar cutar fata a jikinsa, ya ware shi kwana bakwai, sa'an nan ya sāke dubawa. Har gida ma, in an ga alamar annoba a bangonsa, akan rufe shi kwana bakwai, mai gidan kuma shi ne yake zuwa da kansa ya faɗa wa firist. A lura da wannan: mai gida ne yake kai rahoto. Ba a jira maƙwabci ya tona ba.

Ga abin da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta dabam aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. A raba agwagi da kaji, domin agwagwa takan ɗauki cutar ba ta nuna ba. Kada kaji su kwana a ɗaki ɗaya da mutane. Mai gona ya ajiye takalmin shiga akurki dabam, ya sa ruwan magani a bakin ƙofa, kada kuma ya bar dillali ko tsohon kiret su wuce ciki. In kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a sayar, kada a yanka, kada a ba maƙwabci, kada a jefar a juji ko a rafi inda kare da yara za su kai. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan. A sa leda a hannu kafin a taɓa gawar, a binne ta a rami mai zurfi ko a ƙone, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Wanda ya yi zazzaɓi bayan ya taɓa irin waɗannan kaji ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Dattawan ikkilisiya kuma su dubi ranar godiyar kaka. A wannan rana kaji daga gidaje hamsin ko ɗari sukan taru a wuri ɗaya, a ɗaure a gefen majami'a, a yi gwanjonsu, kowace ta tafi sabon gida. Lokacin kuwa ya yi daidai da shigowar hunturu da hada-hadar Kirsimeti, sa'ad da ake yawo da kaji fiye da kowane lokaci. In an ji labarin cuta a yankin, ba rashin bangaskiya ba ne a ce wa jama'a su kawo hatsi ko kuɗin kazar a maimakonta a wannan shekara. Haka kuma ƙungiyoyin zumuntar mata da na matasa da suke kiwon kaji don taimakon ikkilisiya, ya kamata su gayyaci malamin dabbobi ya koya musu tun cuta ba ta zo ba.

Amma abu mafi nauyi shi ne wannan. Yana da sauƙi a tsaya a bagadi a ce wa mutum ya faɗi gaskiya. Gwauruwar da ta ci bashi ta sayi 'yan tsaki 200, ta ciyar da su wata biyar, ranar da suka soma ƙwai suka fara faɗuwa, ita ce za ta biya kuɗin wannan gaskiya. In ta kai rahoto, ta ceci kajin unguwa duka, ta ceci aljihun mutanen da ba su ma san sunanta ba, amma ita ta tashi da bashi. Abin da aka gani a 2006 ya koya mana cewa mutane sukan ɓoye cuta ne sa'ad da faɗin gaskiya yake nufin talauci. Gwamnati tana da nata alhaki, wato ta biya diyya mai ma'ana, a kan lokaci, har ga mai kaji ashirin, ba ga manyan gonaki kaɗai ba, shugabannin ikkilisiya kuma suna da bakin da za su tuna mata. Mu ma muna da namu. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 11, ya ba da labarin yadda masu bi na Antakiya, da suka ji yunwa tana zuwa, suka tara gudummawa kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya. Ikkilisiyar da take so membobinta su faɗi gaskiya game da akurkinsu, sai ta kasance a shirye ta yi baiko na musamman domin wanda gaskiyar ta cinye masa jari.

Tsuntsayen daji za su ci gaba da zuwa kowace shekara, ba mai iya tare su. Abin da yake hannunmu shi ne tazarar da ke tsakanin akurki na fari da ya kamu da akurki na biyu. In aka rufe wannan tazara, asara ta tsaya a gida ɗaya, jama'a kuma su taru su ɗauke ta. In aka bar ta a buɗe, kowa zai biya a wurin cefane, matalauci kuwa shi zai fi biya, domin yaronsa ne za a fara cire wa ƙwai.

Ubangiji ya ba mu zuciyar gaskiya a kasuwa da a gida, ya kuma tsare dabbobinmu da iyalanmu. Amin.